Kalmasar Rigar Sanƙo

Zuwa ga Gwaggo Tela,

Assalamu alaikum. Gwaggo ina gaisuwa, ya ƙafa, ya kunnen? Tunda kin ce in aka kira ki a waya ji kike kamar ana miki magana daga cikin rijiya, ga ni na koma takarda. Direban babbar motar nan maƙwabcinki ya ce duk zuwan da zai yi garin nan zai biyo ya karɓa.

Gwaggo, an sallame mu, mun dawo gida! Ɓargon da aka ɗebo daga ƙugun yayar yaron nan nawa aka dasa masa ya kama. Likita ta ce jinin da jikinsa yake yi yanzu ba mai sikila ba ne. Na ce ta maimaita, ta maimaita. Na ce don Allah ta sake, sai ta yi dariya ta kama hannuna. Ban san lokacin da na zauna a ƙasa a ofishinta ina kuka ba, Baban yara yana ta ba ta haƙuri kamar na fasa mata wani abu.

Maganin da aka ba shi kafin dashen ya share masa gashi tas, har gira, shi ya sa yayarsa ta raɗa masa Sanƙo, sunan kuma ya bi shi. Ita kuwa yayar tasa, Rediyo, kin san bakinta. Duk wanda ta gani a matakalar bene sai ta tare shi ta ce ita ta ba ƙanenta ɓargo. Jiya ya ƙwace mata fensir, na ji tana ce masa, “Ka ba ni, ko in karɓe ɓargona.”

Gidan nan yanzu in kin gani ba za ki gane shi ba. Mun naɗe kafet, Babansu ya kwashe tukwanen furanni ya ba masu gadi, takalmi a waje yake kwana, ruwan sha sai an tafasa. Hannuwana duk sun tsattsage saboda wanki. Jikinsa bai da masu tsaronsa daga cuta tukuna, abin da zai sa wani atishawa shi sai ya kwantar da shi. Yaro ya shekara biyu da 'yan watanni, amma a ɗakin asibiti ya ƙarasa koyon tafiya, yana jan ƙarfen ƙarin ruwa kamar mai jan akuya. Ban da ni da ubansa da yayarsa, bai san mutane suna da baki da hanci ba, kowa da takunkumi ya saba ganinsa. Rannan mai gyaran famfo ya cire nasa a bakin ƙofa ya yi masa murmushi, sai Sanƙo ya ƙwalla ƙara ya shige bayana.

To duk wannan wahalar tawa, shekaranjiya na juya baya in sauke tukunya, na dawo na tarar da shi bayan ƙofa ya janyo silifas ɗin ubansa yana lasar ƙasansa da iyakar gaskiyarsa. Na kusa suma. Na kira asibiti, ma'aikaciyar jinya ta ce in wanke masa baki in sa ido. Babansu kuma wai silifas ɗin ya kamata a duba, don shi aka zalunta. Ban kula shi ba har yamma.

Af, rigar da kika ɗinka wa Rediyo ta ɗage har gwiwa. Na juya ta in warware kalmasa in ƙara mata tsawo, na tarar babu ko faɗin yatsa. Halinki dai yana nan, Gwaggo, kayan yaran da kika ɗinka ba sa shekara.

'Yarki,
Allura

Zuwa ga Allura,

Wa alaikumus salam. Ƙafa tana nan yadda kika san ta, kunne kuma abin da ya ga dama yake ji. Takardarki ta same ni a kan keken ɗinki ina harhaɗa wa wata mata labule. Na karanta na kifa kaina a kan keken, matar ta ɗauka rasuwa aka yi ta fara salati. Na ce mata a'a, warkewa aka yi. Wallahi ni ban taɓa tsammanin zan rayu in ji an ce wannan ciwon yana barin jikin yaro ba. Alhamdulillahi. Ki shafa min kan Rediyo, ki ce mata kyauta ba a karɓe ta.

Maganar silifas kuwa, ke me kika lasa kina ƙarama? Ranar da aka kawo ki gidana bayan rasuwar uwarki, siririya kamar allurar da na raɗa miki sunanta, a ƙarƙashin teburin yanka na tsince ki kina tsotsar alli. Ga ki nan har kin haifi masu lasar takalmi.

Kada ki dame ni da zancen kalmasa. Yadda nake aikina ke nan, in ta yi kaɗan a ba wani. Shi ma Sanƙon ki tsayar min da shi a jikin ƙofa ki ɗauki hotonsa, in ga inda kansa ya kai. Kin san ni ba na ɗora wa yaro tef, da ido nake awonsu, kuma ban taɓa kuskure ba.

Ga ƙunshi nan na ba direba. Abin rufa ne na harhaɗa masa da ƙyallaye, na yi masa shafi biyu saboda sanyin benen nan naku. Sannan ki share min wuri ko a falo ne. Na sallami ayyukan da ke hannuna, ƙarshen watan nan zan kulle shago in taho in kama miki. Hannunki ya huta da wanki, ni kuma in ga yaron nan da idona.

Gwaggonki

Gwaggo,

Ina gaisuwa, muna lafiya. Direba yana ƙasa yana ta danna ham, a tsaye nake rubutun nan. Don Allah kada ki kulle shago, kada ki taho yanzu. Likita ta ja mana kunne sosai, duk wanda zai iya kawo masa wani abu a jikinsa kada ya taɓa shi, kada ma ya shigo gidan. Ke kin fi kowa sanin yadda yaran nan suke. Abin rufa ya iso, mun gode, na tafasa shi sau biyu na shanya a baranda kafin in bari ya shigo ɗaki. Hoto sai wani zuwan. Zan rubuto miki a tsanake.

Allura

Allura,

Salamu alaikum. Ina fata kuna lafiya. Ni ma lafiya.

Na gane. Ba sai kin rubuto a tsanake ba, wannan ma ta isa. Gaskiyarki ce, na fi kowa sanin yadda yaran nan suke, tunda biyu na haifa kuma biyu na binne. Na farin bai kai shiga makaranta ba. Auta kuwa a gabanki ya tafi, ke kika riƙe min fitila muna gasa masa hannu da tsumma.

Tun daga lokacin na san irin kallon da ake min. Mace ta kawo ɗinki da jariri a cinya, in na matso in ga yadin sai ta gyara zama ta juya shi wancan gefen. Har a kunnena, lokacin da yake ji, an ce hannuna ba ya raya yaro. Ban taɓa tanka wa kowa ba. Na ajiye tef, na koyi awo da ido, don kada wata uwa ta kwana da fargaba saboda na taɓa mata ɗa. Kina ce ƙwarewa ce ta sa? Daga kowa na yi zaton wannan, ban da ke.

Amma ban ga laifinki ba. Ni ba uwarki ba ce, ni da ubanki 'ya'yan wa da ƙane ne, zumuncin da sai an zauna an warware kafin a gano bakinsa. Ɗanki ne, kin sha wuya a kansa, ki tsare abinki. Sai dai tafasa abin rufar nan har sau biyu ya yi min ciwo, ba zan ɓoye miki ba. Da sabulu na wanke hannuna kafin in taɓa kowane ƙyalle.

Na buɗe shago na ci gaba da aikina.

Tela

Allura,

Shirunki ya yi yawa, na ce fushi kike, na ce to mu yi ta yi. Yau direba ya dawo min da fuska a ɗaure. Ya ce zuwa biyu yana tarar da ƙofarku a kulle, sai maƙwabciyarku ta gaya masa kun koma asibiti da yaron, zazzaɓi.

Ki manta da duk abin da na rubuta. Tun da ya faɗa min na kasa zura zare a allura. Ki saurare ni, abin rufar nan ki fitar da shi daga gidan, ki ƙone shi. Akwai abin da ban gaya miki ba. Shuɗin ƙyallen da ke tsakiya rigar Auta ce. Na ajiye ta duk shekarun nan, da na ji Sanƙo ya warke sai na ce bari wani abu na Auta ya raɓi yaron da ya tsira. Son zuciyata ne. Ga shi daga isarsa yaro ya kwanta.

Ba sai kin yi min magana mai daɗi ba. Layi ɗaya kawai ki ba direba, yana numfashi ko ba ya yi. Ba zan zo ba, na yi miki alkawari.

Gwaggonki

Gwaggona,

Assalamu alaikum. Yana numfashi, yana gudu, yanzu haka yana ƙarƙashin tebur yana yaga min kwalin magani. Na fara da wannan don ki sami damar karanta sauran. Mun dawo gida lafiya, sai na tarar da takardunki biyu maƙwabciya ta ajiye min. Na karanta ta farko raina ya ɓaci, na karanta ta biyu na yi kuka, na koma na karanta tawa a zuciyata na ji kunya. Rubutun tsaye bai yi min rana ba.

Zazzaɓin daga robar nan ne da aka saka masa a ƙirji don ba shi magani. Ƙwayar cuta ce ta shiga ta wurin, likita ta ce abu ne da suke gani kullum. Sun yi masa allurai, kuma tunda ya daina buƙatar robar sun cire ta gaba ɗaya. Yanzu har wanka yake a baho yana fantsama min ruwa. Sun sake gwada jininsa, ɓargon Rediyo yana nan daram yana aikinsa. Ita kuma ta ce dama ta sani, nata mai kyau ne.

Gwaggo, wallahi ba ke nake nufi ba. Mura nake nufi, da tari, da ƙurar mota ta kwana a hanya. Kakarsu ta wajen uba ma da ta zo, a ƙasan bene ta tsaya, na ɗaga mata shi ta taga tana ɗago hannu tana share hawaye, har yau ba ta gama huce min ba. Tafasawa kuwa, har hular da na saƙa masa da hannuna sai da ta shiga tukunya. Da Babansu zai shiga tukunyar da na tafasa shi.

Kuma kina ce ban gane shuɗin nan ba? Mai zanen ƙananan jiragen ruwa? Ni nake wanke wa Auta ita, ni nake ɓalla masa maɓallanta in yatsunsa sun kumbura. Tun a bakin ƙofa da na kwance ƙunshin na gane ta, na rungume ta na daɗe a tsaye. Shi ya sa na tafasa sau biyu, don in tabbata babu abin da zai hana shi kwana da ita.

Ƙonawa kuma sai dai ki zo ki ƙwata a hannunsa da kanki. Ranar da aka kwantar da mu, a rikice muka fita muka bar abin rufar a gida. Yaron nan ya ɗaga asibiti da ihu, ya ƙi nono, ya ƙi magani, yana ta “jigi, jigi”. Sai da ubansa ya koma ya ɗauko. Yana ganinsa ya cusa fuska a kan jiragen ya yi barci. A cikinsa zazzaɓin ya sauka, Gwaggo, ma'aikatan jinya shaidu ne.

Hannun da kike cewa ba ya raya yaro, ni wane hannu ne ya raya ni? Ciwo ne a cikin jini ya ɗauke su Auta, a lokacin da babu wannan maganin. Kin yi musu duk abin da uwa take yi, ina wurin.

Likita ta ce in watan gobe ya wuce lafiya za a iya barin baƙo ɗaya ya shigo, mara mura, da takunkumi, ya yi wanka ya sauya kaya in ya iso. Ta ce mu zaɓa. Babansu ya buɗe baki zai ce uwarsa, na kalle shi, ya ce ai dama Gwaggo zai ce. Hoto kuma ba zan aiko ba, ki zo ki gani.

'Yarki har gobe,
Allura

Zuwa ga Allura,

Wa alaikumus salam. Na iso gida lafiya, sai ƙafa da ta kumbura saboda zaman mota, ta kuma saɓe. Ki gaida Baban yara, ki ce masa na yafe masa shayin nan nasa mai kama da ruwan wanki. Ki gaida Rediyo. Kunnena da ba ya jin kowa ita ya ji ta sarai, har yanzu yana ƙara.

Kwanakin nan da na yi a wurinku kin ga yadda na zauna, hannuwana a ƙarƙashin cinya, takunkumi har ido. Kina ta cewa in ɗauke shi, ina cewa bari ya saba da ni tukuna. Ba shi ne bai saba ba, ni ce. Kin yi fushi a ranar da zan taho, kin ce na sha wannan doguwar hanya don in kalli yaro kamar talabijin. To akwai abin da ba ki gani ba, na kasa faɗa miki a tasha don kada in yi abin kunya a gaban mutane.

Da safen nan kina kicin, Babansu ya sauka neman mota. Rediyo ta zazzage min jaka ta zaro tef ɗina, tana awon kujera tana awon ƙofa. Sanƙo ya ƙwace ya ruga, ya naɗe shi a wuya, ya zo ya tsaya tsakanin gwiwoyina. Na ce masa tafi wurin Mama. Ko gezau. Sai ya dafa cinyata ya hau da kansa, ya zauna, ya ƙura min ido. Kafin in ankara ya sa yatsa ya fizge takunkumin.

Na ce shi ke nan, yanzu zai ƙwalla ƙara ki fito a guje. Ya kalli hancina, ya kalli bakina. Ya ga giɓin haƙoran nan nawa, sai ya tuntsire da dariya ya tura min jiƙaƙƙen biskit ɗin da ke hannunsa a ciki. Na cinye, Allura, ban san me zan yi ba. Na mayar da takunkumin da sauri, kuma in kin gaya wa likita ki ce shi ya fara.

Sannan na yi abin da hannuna ya saba tun zamanin su Auta. Na kama yatsunsa ina matsawa ɗaya bayan ɗaya, ina jiran inda zai zabura. Na matsa wuyan hannu, na matsa tafin ƙafa. Yaron nan dariya kawai yake, ya ɗauka cakulkuli nake masa. Babu kumburi, babu zafi, hannu ne kawai na yaro mai danƙon biskit. Rediyo ta ce, “Gwaggo, kuka kike?” Na ce ƙura ce. Ta ce, “Gidanmu babu ƙura, Mama ta hana.”

Tunda tef ɗin yana wuyansa, sai na warware shi na auna shi. Kafaɗa, ƙirji, hannu, tsawo. Ya ƙi tsayawa wuri ɗaya, sai da yayarsa ta riƙe min shi. Rabona da ɗora wa yaro tef tun kina 'yar makaranta. Ashe idon nawa da nake taƙama da shi ya rage masa, ya fi yadda na zata faɗin ƙirji.

Ga riga nan a ƙunshi, ki tafasa ta sau goma in kin so, yadin ba ya zuba. Gashinsa da ya fara tsirowa kamar na ɗan tsako kada ki bari a aske, kuma ku fara neman wani sunan, wannan ya kusa daina yi masa. Kafin ki sa masa rigar ki juya ta ki duba ciki. Na bar kalmasa faɗin tafin hannuna a ƙasa, na bar wata a hannaye. Tun bayan su Auta ban ƙara bar wa rigar yaro wurin girma ba sai yau. In ta ɗage ki warware. In wannan ma ta ƙare ki aiko min da ita, na ajiye sauran yadin.

Gwaggonki, kakar Sanƙo